Kabewar Goggo Mairo

"Kai ɗan nan, dakata! Kada ka sa mata ƙarfe."

Na'Allah magini ya tsaya cak, lauje a hannun dama, yaɗon kabewa a hannun hagu, yana waige-waigen mai magana. Rahamatu, wadda ta shige ɗaki tun da mijinta ya yi sallama ya shigo da maginin, ta ɗan ɗaga labule ta leƙa. Ta san muryar. Goggo Mairo ce, tsohuwar gidan da ke manne da nasu. Ta dafa giɓin katanga da hannu biyu, numfashinta na fita sama-sama saboda saurin da ta yi.

Malam Sama'ilu, mijin Rahamatu, ya zare hannu daga aljihu ya rusuna.

"Goggo, ina kwana? An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. Me ta yi muku?"

"Ba abin da ta yi, Goggo. Katangar ce za a rushe a ɗora ta bulo. Kin ga yadda ruwa ya cinye ta. Siminti kuma ga shi can a zaure, in ya daɗe cikin danshin nan daskarewa zai yi."

"A bari kaka ta yi mana."

Malam Sama'ilu ya dubi kabewar. Daga gidan su Goggo ta taso, ta haye katanga ta wajen giɓin, ta sauko tsakar gidansa ta shimfiɗe har gindin randa. Ganye faffaɗa kamar faifai, kore shar.

"Goggo, Allah ya ba ki haƙuri, ni ban ga ɗa ko ɗaya a jikinta ba. Ganye ne sai fure, furen ma zuba yake yi."

Tsohuwar ta san gaskiya ya faɗa. Na'Allah ne ya raba gardamar. Ya ajiye yaɗon a hankali ya ce ai aikin da yawa, sai a fara da zaure da katangar gaba. Kafin a zagayo nan an ga abin da Allah zai yi.

"To, shi ke nan," in ji Malam Sama'ilu. "In mun iso ta yi 'ya'ya, sai mu sake shawara. In ba ta yi ba, Goggo, sai dai haƙuri."

Ya tura sabon babur ɗinsa ya tafi ofishin En'e, hukumar gargajiya, inda yake akawu. Shekarar kuɗin Udoji ce, da gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi, duk ma'aikacin da ke Kazaure ko ya sayi babur, ko ya buga kwano, ko ya ta da bulo. Shi ya ɗauri niyyar yin duka ukun.

A gaskiya ita ma Rahamatu ba ta ƙaunar wannan kabewa. Sauro take tara mata, kuma kullum tana fargabar wani abu mai ja da ciki ya laɓe a ƙarƙashinta. 'Yar Roni ce, mahaifinta malamin hakimi, ba ta taɓa riƙe fartanya ba. In yara suka tafi makaranta, keken ɗinkinta take hawa har azahar. Tsakaninta da Goggo Mairo gaisuwa ce da aron wuta.

Abin da ta sani game da tsohuwar, daga bakin Fatu, matar ɗan Goggo, ta ji shi. A wata ruga suke can bayan Gwiwa, da garke wanda in ya taso sai an ba shi hanya. Fari ya zo ya cinye shi, saniya bayan saniya. Hamma, ɗan Goggo, ya sami aikin lebura a kamfanin da ke gyaran hanya, ya kwaso uwarsa da matarsa ya kawo su gari. Goggo ta zo da ƙwarya ɗaya, da tabarma, da ɗan ƙulli a bakin zane. Irin kabewa ne a ciki, wanda ta gada wurin mahaifiyarta. Bara ta shuka rabi, ruwa ya ɗauke, ya ƙone. Bana ta zuba sauran duka. Wannan gindin kaɗai ya tsira daga bakin awaki.

Washegari da hantsi Rahamatu na shara, tsintsiya ta jawo mata furannin da suka zuba. Ta sunkuya za ta kwashe, sai ta ga ba iri ɗaya ba ne. Wasu fure ne zalla. Wasu kuwa akwai ɗan ƙulli a gindinsu kamar ƙwan zabo, ya yi rawaya ya yi laushi. Ta ɗauki ɗaya ta nufi giɓin katanga. Goggo na zaune kan kujera 'yar tsuguno tana kallon shukarta.

"Goggo, wannan ba ɗa ba ne?"

Tsohuwar ta karɓa ta juya shi a tafin hannu.

"Ɗa ne, Ramatu. Ɓari ya yi." Haka take kiran sunan. "Wannan mace ce. Kin ga wancan mai dogon wuya, ba komai a gindinsa? Shi ne namijin. A ruga ƙudan zuma ke kai saƙo tsakaninsu. Da sassafe za ki ji ƙuginsu, su shiga namiji su fito jikinsu duk gari, su faɗa cikin mace. Tun shekarar fari ban ƙara jin su ba. Kamar ki tara karsanai ne, bijimin yana ɗaure a wani turke."

Rahamatu ta sake duban ɗan ƙullin. Wani abu ya faɗo mata a rai. A gidansu na Roni akwai dabino a bayan turakar mahaifinta. Duk shekara wani Buzu yakan zo daga wajen Damagaram, ya hau da ɗan damin furen namiji, ya ɗaura a jikin na mace. Su 'yan mata sai su tsaya a ƙasa suna dariya, suna cewa ga mai aurar da dabino ya zo. Shekarar da bai zo ba, 'ya'yan ƙanana suka fito, suka zube.

Ta ba Goggo labarin, sannan ta ce, "In mutum ya kai garin da hannunsa fa?"

Goggo ta ɗago ta dube ta sosai, kamar yau ta fara ganin ta.

"Hannu ya yi aikin ƙuda?"

"Ya yi wa dabino."

"To shigo mana, kin tsaya a waje kamar mai tallan nono."

Rahamatu ta tattare zane ta tsallaka giɓin. Ranar ce ta fara taka gidan.

Ba su yi sa'a ba. Rana ta riga ta ɗaga, furannin sun tsuke baki. Suka ɓanɓare ɗaya da ƙarfi suka goga, amma bai kama ba, ya yi rawaya ya faɗi kamar 'yan uwansa. Na biyun da suka gwada, ko gama gogawa ba su yi ba hadari ya taso daga gabas, ruwa ya cika furen ya wanke komai. A can gaba kuwa ana jin Na'Allah da leburansa suna kwaɓa siminti, zaure ya kusa kai linta.

"Mun makara ne kullum," in ji Goggo. "Ƙudan ba ya jiran a gama wanke-wanke. Gobe kina sallame sallar asuba ki fito."

Haka aka yi. Gari ya fara wayewa, raɓa ta jiƙa ko'ina, Rahamatu ta fito da mayafin sallarta. Sai ta tsaya. Ba ta taɓa ganin kabewar a wannan lokaci ba. Furanni sun buɗe wangwam, rawaya kamar an kunna fitilu a cikin ganye. Goggo na can tsugune ta riga ta.

"Ga amarya nan, a bakin giɓi take. Tsinko mana ango."

Rahamatu ta tsinko namiji ɗaya mai dogon wuya. Ta yaye masa ganyen furen a hankali, ya rage ɗan tsinken tsakiya, ya sha gari har yana zuba a yatsunta. Ta zura shi cikin macen, ta goga a kan abin da ke tsakiya mai danƙo-danƙo.

"A hankali, 'yar nan. Kowane gefe ya samu. Yawwa. Bismillahi, Allah ya sa albarka."

Fatu, da ta fito da buta, ta ga manyan mata biyu sun haɗa kai a kan fure suna raɗa. Da ta gane abin da ake yi, sai ta ajiye butar ta rangaɗa guɗa. Goggo ta jefe ta da furen ango.

"Ke, rufa mana asiri! Maƙwabta su ce mun haukace."

Rahamatu ta koma ɗaki ta yanko jan zare daga kekenta, ta ɗaura a wuyan furen don kada ya ɓace musu.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta iya zama a kan keke ba. Ta yi ɗinki kaɗan ta tashi ta je ta leƙa. Furen ya yanƙwane, wannan ta sani dole ne. Ɗan ƙullin take kallo, ko zai fara rawaya. Goggo ta hana ta taɓawa. Har wata safiya, tana dama koko, ta ji ana ƙwala mata kira.

"Ramatu! Ramatu! Fito ki gani!"

Ta fito da ludayi a hannu. Goggo ta ɗaga ganye da sandarta. Ɗan ƙullin ya kai dunƙulen hannu, kore mai zane-zanen fari, yana sheƙi kamar an shafa masa mai. Jan zaren har ya fara matse masa wuya.

"Ya kama," in ji Goggo. "Wallahi ya kama."

Rahamatu ta sunkuya ta gani da idonta. Ba ta san lokacin da ta rungume tsohuwar ba, koko na ɗiga daga ludayi a bayan rigarta. Goggo na dariya, hawaye na bin tsagar fuskarta.

Daga ranar aikin ya zama nasu. Rahamatu ta koyi gane furen da zai buɗe gobe tun da yamma, in ta ga bakinsa ya fara rawaya. Takan kwanta da shi a rai, ta farka kafin ladan. Wani ya kama, wani ya ƙi, amma jan zare ya yi ta yawa a cikin ganye. Wata safiya mace biyu suka buɗe, namiji ko ɗaya babu. Fatu ta ce ta ga kabewa a bayan gidan mai unguwa, bari ta aika a tsinko.

"A'a," in ji Goggo. "Ba a kawo mini baƙon bijimi. In ya shiga, jikokin ba za su zama namu ba."

Suka bar matan biyu suka tafi a banza. Rahamatu ta yini tana jin haushi, kamar ita aka yi wa asara.

Goggo ta raɗa wa 'ya'yan suna. Na farkon Wule, na kan katanga Saige. Fatu ce ta gaya wa Rahamatu a ɓoye cewa sunayen shanun Goggo ne da suka mutu. Da safe tsohuwar takan bi su ɗaya bayan ɗaya tana shafawa, tana yi musu magana da Fillanci ƙasa-ƙasa. Waɗanda ke ƙasa aka yi musu gammo da tsumma don kada danshi ya ruɓar da su. Saige kuwa da ya yi nauyi, Rahamatu ta ɗinka masa jaka da ragowar atamfa ta rataye a jikin katanga.

Ranar da Na'Allah ya gama katangar gaba, Malam Sama'ilu ya zagayo da shi bayan la'asar. Rahamatu na ɗaki, kunnenta na waje. Ta ji shiru ya yi yawa, ta leƙa. Mijinta na tsaye gaban Saige da jakarsa ta atamfa, ya riƙe haɓa.

Da magini ya fita sai ya kira ta.

"Wannan aikinki ne?"

"Ni da Goggo ne, Malam."

"Ke da ko barkono ba ki taɓa shukawa ba?"

"Allah ne ya yi. Malam, don Allah a bar katangar nan zuwa kaka. Ban taɓa roƙon ka a kan gini ba."

"Simintin fa?"

"Bakin rijiya ya zaizaye, kullum ina tsoron yara. Ga madafa ma, in aka yi ruwa a cikin taɓo nake girki."

Ya juya ya fita. Amma da safe ta ji Na'Allah na auna bakin rijiya.

Bayan 'yan kwanaki ta ɗan makara, don ƙaramin ɗanta ya kwana da zazzaɓi. Ta fito a gurguje, sai ta tarar da Malam Sama'ilu tsugune cikin ganye da farin kaftaninsa na ofis, fure a hannu, Goggo na ba shi umarni ta giɓin katanga.

"Ba haka ba, Malam. Yaye masa rigar tukuna."

Da ya ga matarsa ya miƙe da sauri yana kakkaɓe hannu.

"Dubawa kawai nake yi. Na ga za ta rufe ba ki fito ba."

Rahamatu ta danne dariyarta. Ba ta gaya masa hannun rigarsa ya yi rawaya ba, haka ya hau babur ya tafi ofis da shi.

Tun tsakiyar damina Goggo ke tari, amma ba ta ɗauke shi komai ba. Sai ƙafafunta suka fara kumbura. Tafiya daga ɗaki zuwa gindin kabewa ta zama sai ta huta a hanya. Hamma ya ari keke ya kai ta asibiti, aka yi mata allura aka ba ta ƙwayoyi, aka ce zuciya ce ta gaji. Ta ɗan ji sauƙi, sannan ta koma. Wata safiya Rahamatu ta fito ba ta gan ta a kan kujerarta ba.

Ta yi aikin ita kaɗai, sannan ta shiga ɗakin. Goggo na jingine da bango, don in ta kwanta numfashi ba ya isar ta.

"Sannu, Goggo. Yaya jikin?"

"Da sauƙi. Nawa suka buɗe?"

"Mace ɗaya, ta wajen randa. Na ɗaura."

"Wule fa?"

"Ya fi ƙarfin gammonsa, sai da na sake masa wani."

Haka suka koma yi. Rahamatu ta zaga, ta zo ta ba da labari, Goggo ta lumshe ido tana saurare. Wani lokaci Rahamatu takan zo da furen namiji da ya rage, tsohuwar ta riƙe shi tana shinshinawa.

Abinci ya daina shiga. Fatu ta dama fura, ta yi kunu, duk sai ta kurɓa ta ture. Wata rana Rahamatu ta ji ta tana cewa, kamar da kanta take, mahaifiyarta takan yi miyar taushe da wannan kabewa ta zuba man shanu, ƙamshin har garke ake ji.

"Goggo, bari in yanka Wule in yi miki."

Idon tsohuwar ya buɗe tar.

"Kul! Wule na iri ne. Bai ƙosa ba, 'ya'yan cikinsa ruwa ne yanzu. Kin yanka shi, mun tashi a banza."

"To, ƙarami fa? Na bayan madafa?"

Goggo ta sassauta murya. "Wannan ba shi da suna tukuna," ta ce. "Yanka."

Rahamatu ta yanke shi da wuƙar girki. Cikinsa bai gama ja ba, amma ƙamshinsa ya cika mata hanci. Ta daka gyaɗa, ta yanka yakuwa, ta aika kasuwa aka samo man shanu wurin masu nono. Ta tuƙa tuwon gero mai laushi. Da ta shiga da kwanon, Hamma na zaune a bakin ƙofa, ya dawo daga aiki ko ƙurar jikinsa bai wanke ba. Goggo ba ta taɓa kiran sunansa, ɗan fari ne, sai dai ta ce "wannan".

Ta gutsuri tuwo ta dangwala ta kai baki. Ta daɗe tana juya shi. Ta ƙara loma, ta ƙara wata.

"Shi ne," ta ce. "Bai nuna ba, amma shi ne." Ta tura kwanon wajen ƙofa. "Ba wannan ya ci. Rabonsa da shi tun muna da shanu."

Hamma ya karɓa da hannu biyu. Ya juya musu baya yana ci, kafaɗunsa na motsi.

Ana saura kwana kaɗan a ga watan azumi, Goggo ta ce a fitar da ita waje. Da safe ne, rana ba ta yi zafi ba. Hamma ya ɗauko ta kamar yarinya ya jingina ta da turmi a kan tabarma, kusa da Wule, wanda yanzu sai mutum ya sa hannu biyu zai kewaye shi. Ta ɗora tafinta a kansa.

"Ramatu, matso. Kada ki cire shi sai wuyansa ya bushe ya yi kamar igiya. Ki sa farce, in bai shiga ba, ya yi. 'Ya'yan ki wanke, ki shanya a inuwa-inuwa, ki cuɗa da toka saboda ƙwari."

"To, Goggo. Ai tare za mu yi."

"Kuma kada ki zuba duka a shekara ɗaya yadda na yi. Tsoro na sha ba kaɗan ba." Ta huta, sannan ta ƙara da cewa, "Wanda ya roƙa ki ba shi. A hannu ɗaya yake ɓacewa."

Rahamatu ta gyaɗa kai.

"Mi yetti, 'yar nan. Na gode. Na zo garin nan ina ganin zaman jira kawai zan yi. Sai ga shi damina guda ban sami lokacin zama ba."

Ta yi 'yar dariya, tari ya sarƙe ta, aka mayar da ita ɗaki.

Bayan azahar Rahamatu na kan keke ta ji salatin Fatu. Ta tsallaka giɓin ko takalmi babu. Goggo na jingine inda aka bar ta, kanta ya ɗan karkata, carbi a cinya. Fatu ta ce ruwa ta nema, ta sha, ta yi kalmar shahada, shi ke nan.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Rahamatu. Ita ta shafe mata ido.

Da ita aka yi wankan, ita da wata dattijuwar unguwa. Malam Sama'ilu ya dawo daga ofis ya kawo likkafani, kafin la'asar sakaliya maza sun ɗauke ta. Da gidan ya yi shiru Rahamatu ta koma nata, ta zauna a sabon dakalin rijiya ta yi kukan da ta riƙe tun rana.

Azumi ya kama, ruwa ya fara ja baya. Ganyen kabewa ya soma bushewa daga gindi, 'ya'yan suka fito fili, manya, sun koma ruwan ƙasa-ƙasa. Rahamatu takan zaga su da safe ita kaɗai. Wata rana ta kama kanta ta nufi giɓin katanga za ta ba da labari, sai da ta dafa ta tuna.

Sadakar arba'in ta faɗo bayan ƙaramar sallah da kaɗan. Da safiyar ranar Rahamatu ta sa farce a jikin Wule, bai shiga ba. Ita da Fatu suka ɗauke shi tare zuwa madafa. Sai da aka sa gatari. Da ya dare, cikinsa ja wur kamar manja, nama mai kauri, 'ya'ya cike fal, farare, ƙosassu. Fatu ta kwashe naman zuwa tukunyar sadaka, Rahamatu ta wanke 'ya'yan ta baza a faifai a ƙarƙashin rumfa.

Da hantsi baƙi suka iso daga Gwiwa, mata huɗu, dangin Goggo da labarin bai kai musu da wuri ba. Babbarsu Asma'u, 'yar ƙanwar marigayiya, doguwa mai irin tsagarta. Aka yi gaisuwa aka yi addu'a, aka kawo tuwo. Asma'u ta kai loma ɗaya ta tsaya. Ta dubi miyar, ta dubi Fatu.

"Wannan kabewar daga ina?"

"Ta Inna ce. Ita ta shuka."

Asma'u ta juya ta yi wa sauran magana da Fillanci da sauri-sauri, duk suka ajiye hannu. Sannan ta ce da Hausa, "Mu mun ɗauka ya ƙare. Shekarar yunwa har irin muka soya muka ba yara. Na bi rugage ina tambaya, ba wanda ya rage da shi."

Fatu ta nuna Rahamatu. "Ga wadda suka yi wahalarsa tare."

Rahamatu ta tashi ta ɗauko faifan ta ajiye a tsakiyarsu. Matan suka zuba masa ido, ba wadda ta miƙa hannu. Sai ita ta dinga ɗiba tana zuba wa kowacce a tafi. Ta ware na Fatu, ta ware nata.

"Bai gama bushewa ba," ta ce. "In kun isa ku sake shanyawa, ku cuɗa da toka. Akwai ƙudan zuma a wajenku?"

"Sun yi ƙaranci," in ji Asma'u.

"To ku zo in nuna muku wani abu."

Ta kai su can ƙarshen yaɗon, inda ya rage ɗan kore. Fure ɗaya ne ya saura, namiji, ya riga ya tsuke. Ta tsinke shi ta yaye masa riga, ta dunƙule hannun hagunta ya zama mace, ta nuna musu yadda ake yi da lokacin da ake yi. 'Yar ƙaramar cikinsu ta rufe baki da mayafi tana dariya. Asma'u ba ta yi dariya ba. Ta karɓi tsinken ta gwada a nata hannun, ta ce a sake nuna mata.

Da la'asar suka yi sallama don kada motar Gwiwa ta tashi ta bar su. Rahamatu ta raka su har zaure, ta tsaya daga ciki inda ba a ganin ta. Suka bi lungu a jere, ƙore a ka, inuwarsu ta yi tsawo a gabansu. Kafin su sha kwana Asma'u ta tsaya, ta sauke ƙwaryarta, ta kwance ƙullin da ke bakin zanenta. Ta sake ɗaure shi tam, ta ja da haƙori, sannan ta ɗauki ƙwaryar ta bi bayan 'yan uwanta.